Yadda ake haɗa waya mai gashi da waya mai sili ɗaya a wayarin gida

Duk gidan da aka ja wa wuta, akwai wuraren da waya mai tauri take haɗuwa da waya mai laushi. Wadda aka zura cikin fayif aka binne a bango galibi mai sili ɗaya ce, jan ƙarfe guda ɗaya a cikin roba, wadda masu sana'a ke ce wa singil. Wadda ta fito daga jikin fankar silin, ko fitilar ado, ko hitar banɗaki, ita kuma mai gashi ce, siraran silla da yawa da aka haɗa wuri guda domin ta riƙa lanƙwasa ba tare da ta karye ba. A saman silin, a bayan fitila, a cikin akwatin bango, dole biyun nan su riƙe juna.

Abin da aka saba gani shi ne a ɓare bakinsu, a murɗa da yatsa, a naɗe da baƙin salatif, a tura cikin silin. Fitila ta kama, an sallami mai aiki, kowa ya kama gabansa. Irin wannan haɗin nake so mu daina, domin yakan yi shekara yana aiki lafiya lau alhali yana cin kansa a ɓoye, a wurin da babu mai leƙawa, kusa da katakon rufi da ya bushe ƙayau.

Abin da ya sa wannan haɗin yake da wuyar sha'ani

Idan ka murɗa singil biyu da filaya, kowacce tana lanƙwashewa a jikin 'yar'uwarta, sai su sarƙe. Mai gashi da singil ba sa sarƙewa. Singil ɗin tana nan miƙe, mai gashin ce kaɗai ke kewaya ta, kamar zaren da aka naɗa a jikin allura: ka ja allurar, ta zare, ta bar zaren a naɗe. Salatif ne kawai yake riƙe da su, shi kuwa salatif an yi shi ne don ya rufe jan ƙarfe. Riƙo ba aikinsa ba ne. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ke kaiwa digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano ya fi haka nesa ba kusa ba. Gam ɗin salatif ya narke, ya saki, ya warware.

Sannan jan ƙarfe yana buɗewa kaɗan idan ya ɗumama, ya tsuke idan ya huce. Kullum aka kunna aka kashe, haɗin ya motsa. Idan fanka ce, ga jijjiga dare da rana. Da iska ta samu hanyar shiga tsakanin sillan, sai jan ƙarfen ya fara dushewa ya yi baƙi, wuta ta riƙa shan wuya kafin ta ratsa. Wannan turjiyar ita ke zama zafi, kuma lissafinta ba wuya: a ninka ƙarfin wutar da ke wucewa da kansa, sannan a ninka da turjiyar. A ce haɗi ya yi sako-sako har turjiyarsa ta kai rabin om (ma'aunin turjiya), amfiya 10 (ma'aunin wutar da ke wucewa) na bi ta cikinsa, kwatankwacin abin da babbar butar dafa ruwa ke ja. Goma sau goma ɗari, rabinsa 50. Wat 50 na zafi ke nan a wurin da bai kai gaɓar yatsa ba, alhali robar wayar gida an yi ta ne don jan ƙarfen da zafinsa bai wuce digiri 70 ba.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne bireka, makunnin da ke katse wuta da kansa idan an samu matsala, ba ta ganin wannan. Ita tana faɗuwa ne idan wuta ta wuce adadin da aka rubuta a jikinta, ko idan layi biyu suka haɗu. Haɗin da ya saki ba ya ƙara yawan wutar da ake ja. Amfiya 10 ɗin nan dai ita ce, birekar mai amfiya 20 tana tsaye abinta, roba tana narkewa a silin.

Saboda haka dabarar duka guda ɗaya ce: a samu abin da zai danne kowace waya da ƙarfinta daban, ko kuma a mayar da bakin mai gashin ya zama dunƙulalle kafin a danne shi.

San wayar da ke hannunka

Lambar da ke jikin waya, 1.5 ko 2.5 ko 4, faɗin fuskar jan ƙarfen ce idan an yanke shi, a ma'aunin murabba'in milimita. A al'adar wayarin gidajenmu 1.5 ta fitilu da fankoki ce, 2.5 ta soket, 4 da 6 na manyan kaya irin na'urar sanyaya ɗaki da hita da murhun lantarki. Singil mai 1.5 kaurinta milimita 1.38 ne, mai 2.5 kuma 1.78. Akwai ta tsakiya mai sili bakwai masu ɗan kauri, ita ma ana zura ta a fayif. Sai mai gashi sosai, wadda ake ce wa fileks: mai 1.5 takan zo da sili kusan 30, mai 2.5 kusan 50, kowanne rubu'in milimita. Da ido mai gashi takan fi singil mai lamba ɗaya da ita kauri, saboda iskar da ke tsakanin sillan. Kada wannan ya ruɗe ka, lambar za ka duba.

Idan lambobin biyu sun bambanta, ƙaramar ce ke yin hukunci. Siririyar wayar da kamfani ya saka wa fitila ta isa fitilar, amma ba za a ɗora mata soket a gaba ba.

Launi kuma sai an yi hattara. A tsohon tsarin Ingila da har yanzu ya cika kasuwannin Najeriya, ja shi ne layif (mai kawo wuta), baƙi nutural (mai mayar da ita), kore atin (wayar kariya da ke kai wuta ƙasa). A sabon tsarin da Ingila ta koma a 2004, wanda Turai ke kai, ruwan ƙasa ne layif, shuɗi nutural, kore da rawaya atin. A Nijar, inda ake bin tsarin Faransa, shuɗi ne nutural. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa baƙar wayarsu ita ce layif, fara ce nutural. Ka ga ke nan baƙi da baƙi ba kullum suke 'yan'uwa ba. Karanta takardar da ta zo da kayan, wayar bango kuma ka gwada ta da mitar gwajin wuta ta hannu kafin ka yarda da launinta.

Kafin ka taɓa komai

Ɗauke wuta daban, kashe wuta daban. Mutum ya ga an ɗauke, ya hau tsani da filaya a hannu, ba a sanar da shi lokacin da za a dawo da ita ba. Wutar gida bolt 230 ce, tana kisa. Je ka akwatin bireka ka sauke babbar birekar, ko ka zare fis ɗin ka saka a aljihunka. Ka liƙa salatif a kan birekar, ka gaya wa mutanen gida da bakinka cewa kana aiki, kada yaro ya zo ya ɗaga don yana son kallo.

Gidajenmu yanzu wuta tana shiga ta ƙofa fiye da ɗaya. Akwai ta gwamnati, akwai janareta, akwai inbata da batirin sola. Sauke birekar mitar kamfanin wuta ba ya kashe inbata. Hasali ma lokacin take karɓar aiki. Kashe ta, ka sauke birekar da ke fita daga gare ta, ka mayar da abin canja layi tsakiya, ka tabbata ba wanda zai tayar da janareta.

Kada ka dogara da makunnin bango. Sau da yawa za ka tarar nutural aka bi da ita ta makunni, fitila ta mutu amma layif tana nan da ranta a saman silin. Testa mai ɗan ƙwai a ciki ma ba ta isa shaida ba, domin a cikin hasken rana ko a kan busasshen tsanin katako haskenta yakan yi raunin da ba za ka gani ba. Yi amfani da mitar gwaji: gwada ta a wurin da ka san akwai wuta ka ga tana karantawa, gwada wayoyin da za ka taɓa, layif da nutural, layif da atin, nutural da atin, sannan ka sake gwada mitar a wurin farko don ka tabbata ba mutuwa ta yi a hannunka ba. Idan fanka ce, ka tuna kwandensarta takan riƙe ragowar wuta na ɗan lokaci bayan an kashe.

Ɓare roba

Rabin aikin a nan yake, kuma a nan aka fi yin garaje. Mafi kyau shi ne filayar ɓare waya mai ramuka, kowane rami da lambarsa. Idan wuƙa ko reza ce a hannunka, kwantar da ita ka fere robar a karkace yadda ake fiƙe fensir, kada ka kewaya wayar da kaifi a tsaye. Singil ɗin da aka yi wa tsaga a wuya, nan za ta karye ranar da aka lanƙwasa ta cikin akwati. Mai gashi kuma idan ka ga silla sun zubo tare da robar, ka rage mata ƙarfi ke nan. Yanke bakin ka sake. Bai kamata ko sili ɗaya ya tafi ba.

Idan tsohuwar waya ce da jan ƙarfenta ya yi baƙi ko robarta ta ƙandare, yanke har inda ka samu mai sheƙi. Singil ana iya kankare ta da bayan wuƙa ko sanfefa mai laushi. Mai gashin da ta yi baƙi ba ta kankaruwa, sai yankewa. Miƙe bakin singil ɗin da filaya ya zama sambal. Mai gashin kuma ka ɗan murza ta da yatsa, murzawa ɗaya, yadda sillan za su haɗa kai kawai.

Hanya ta farko: kwanekta mai ɗan hannu

Wannan ita nake ba kowa shawara, ko ƙwararre ko mai gida. Wadda aka fi sani ita ce Wago 221, ta wani kamfanin Jamus: 'yar ƙaramar roba ce garai-garai da ake ganin cikinta, da 'yan hannaye masu ruwan lemo. Kowane rami yana da sifirin ɗinsa, shi ya sa singil tana samun nata riƙon, mai gashi tana samun nata, babu wadda ke ture wata. Sifirin kuma yana bin jan ƙarfe duk yadda ya buɗe ko ya tsuke, ba ya saki kamar sukuru. Akwai mai rami biyu, 221-412, mai uku, 221-413, da mai biyar, 221-415. Suna karɓar waya har mai lamba 4, suna ɗaukar amfiya 32. Akwai babbarsu da ke karɓar har 6.

Ɓare milimita 11 a bakin kowace waya. Ba sai ka nemo ma'auni ba, an zana tsawon a gefen kwanektar, ɗora wayar a kai ka gani. Ɗaga hannun har ya miƙe tsaye. Yana da ɗan tauri, kada ka tsaya a rabi. Zura wayar har ta tokare da ƙarshen ramin. Mayar da hannun ƙasa ya kwanta. Yi wa ɗaya wayar haka a nata ramin. Waya ɗaya rami ɗaya, ko da ka ga da sauran wuri.

Yanzu juya kwanektar ka duba ta ƙasa, abin da ya sa aka yi ta garai-garai ke nan. Jan ƙarfen ya kai ƙarshe? Babu silin da ya tanƙware ya tsaya a bakin rami? Sifirin bai ciji roba ba? Babu tsirarar waya a waje? Idan duk lafiya, riƙe kwanektar da hannu ɗaya ka ja kowace waya da ƙarfi. Wadda ta zame, ɗaga hannun ka sake.

Akwai 'yar'uwarta marar hannu, Wago 2273, wadda tura waya kawai ake yi ta kama. Ita ta singil ce zalla. Mai gashi ba ta da ƙarfin ture sifirin ɗinta, sillan sai su tattare a bakin rami, biyu ko uku su shiga, mutum ya ɗauka ya haɗa. Idan mai gashi na cikin aikin, mai hannu za ka nema. Jabu kuma sun yi yawa a kasuwa, araha kuwa ba ta ado. Ta gaskiya rubutun jikinta fes yake, da lambar samfuri da adadin amfiya da bolt, hannunta yana rufewa da ƙarfi. Wadda hannunta ke lilo, ko aka buga mata suna da ɗan canjin harafi, bar ta a shago.

Hanya ta biyu: kwanekta mai sukuru

Ita ce fara ko baƙar robar nan mai jerin ramuka da ake yanka gwargwadon buƙata. A Nijar domino ake ce mata. Tana ko'ina, kuɗinta kaɗan, kuma tana aiki da kyau idan an bi ta yadda ya kamata. Akwai mai amfiya 5, 15, 30 da sama. Hitar wanka mai wat 3000 tana jan amfiya 13 a kan bolt 230, don haka mai 5 ba ta da hurumi a wurin, ko da wayar ta shiga ramin.

Ƙa'idar farko: singil ta shiga ta gefe ɗaya, mai gashi ta ɗaya gefen, kowacce ƙarƙashin nata sukurun. Idan ka cusa su rami ɗaya, sukurun zai sauka a kan singil ya tsaya, sillan mai gashin su watse gefe suna lilo. Ka ja singil ka ji gam, ka ɗauka aiki ya yi, alhali ɗayar iska take riƙe da ita.

Matsala ta biyu ita ce bakin sukuru yana juyawa yayin da yake sauka, yana yanke siraran silla. Maganin wannan shi ne ferul, ɗan bututun ƙarfe mai wuyan roba da ake saka wa bakin mai gashi. Zaɓi wanda lambarsa ta yi daidai da wayar. Launinsu ya bambanta daga tsari zuwa tsari, saboda haka lambar za ka bi. Ɓare roba daidai tsawon bututun, zura sillan duka har su leƙo a ƙarshe, robar wayar ta shige cikin wuyan, sannan ka matse da filayar da aka yi don wannan aikin. Filayar gama-gari lanƙwasa shi kawai take yi, ba ta matse shi ta kowane gefe. Da ka gama, bakin ya zama dunƙulalle, sukuru zai danne shi yadda yake danne singil.

Idan babu ferul, nemi kwanektar da ke da ɗan harshen ƙarfe a ƙarƙashin sukuru, shi ke danne wayar ba bakin sukurun ba. Idan ita ma babu, ɓare ninki biyu na tsawon da kake buƙata, murza sillan, ninka su gida biyu, ka zura yadda za su cika ramin. Siririyar singil ma idan tana yawo a babban rami, ninka bakinta. Ɗaure sukurun da sukudireban da bakinsa ya yi daidai da shi, girgiza wayar kaɗan, ka sake ɗaurewa, domin jan ƙarfe yakan kwanta bayan ɗaurin farko. Kada ka wuce gona da iri har zaren sukurun ya lalace.

Akwai dabarar da wasu ke yi da kyakkyawar niyya, su shafe bakin mai gashi da dalma ya yi tauri sannan su ɗaure da sukuru. Kada ka yi. Dalma tana da laushi, a hankali take gudu daga ƙarƙashin abin da ya danne ta. Bayan watanni sukurun da ka ɗaure tamau zai zama sako-sako ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Wani lokaci fitila ko fanka takan zo da 'yar hular roba mai sifirin a ciki, irin wadda ake murɗawa a Amurka. Idan da ita za ka yi aiki, jera wayoyin biyu su kalli gefe ɗaya, bakin mai gashin ya ɗara na singil da kamar milimita 3, domin sifirin ya fara kama ta. Murɗa hular ta hannun dama har wayoyin su fara murɗewa a waje, sannan ka ja mai gashin ita kaɗai. Ita ce mai zamewa.

Idan babu kwanekta ko ɗaya

Yakan faru, a ƙauye ko da dare. Akwai yadda ake haɗin hannu ya riƙe, amma sai an cika shi da dalma, kuma ni ban yarda a yi shi a layin hita ko murhu ko na'urar sanyaya ɗaki ba. Wayar atin ma a nemo mata kwanekta.

Fara zura robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi a jikin ɗaya wayar, ka tura ta can nesa da inda za ka yi aiki. Ɓare kamar santimita 4 a singil, 7 a mai gashi. Murza mai gashin ta zama igiya guda. Ɗora ta a gicciye kusa da wuyan singil ɗin, ka naɗa ta a jikinta zagaye shida ko bakwai, kowane zagaye manne da na bayansa, kana ja da ƙarfi, kana tafiya wajen baki. Bar kamar santimita ɗaya da rabi na bakin singil a tsirara. Kama wannan bakin da filaya, ka tanƙwaro shi baya ya kwanta a kan naɗin, ka matse. Wannan ƙugiyar ita ke hana naɗin zarewa. Yanke sillan da suka yi tsaye.

Sai dalma. Yi amfani da ta masu gyaran rediyo, mai ƙaro a cikinta. Ruwan asid da masu liƙin radiyeta ke shafawa yana cin jan ƙarfe a hankali, ba ya shiga aikin wuta. Ɗora bakin ƙarfen liƙi a ƙarƙashin haɗin, jan ƙarfen ya yi zafi, ka taɓa dalmar a jikin wayar ta sama. Idan zafin ya isa, za ka ga ta narke ta tsotse cikin sillan da kanta. Dalmar da aka narkar a bakin ƙarfe aka ɗiga a kan waya mai sanyi, zama take a sama kamar ƙwallo, ba ta kama komai ba. Bar shi ya huce ba tare da ka motsa shi ba. Tunda layin a kashe yake, ƙarfen liƙin sai dai mai gas, ko a jona shi kai tsaye a jikin janaretar da ba a haɗa da gidan ba.

Jawo robar ta rufe haɗin har ta hau kan robar wayoyin biyu, ka gasa ta ta tsuke. Idan salatif ne, fara daga kan robar waya, kana ja yana miƙewa, kowane zagaye ya rufe rabin na baya, ka je ka dawo sau uku. Haɗin layif da na nutural kada su zauna kafaɗa da kafaɗa. Yanke wayoyin yadda ɗaya zai riga ɗaya da 'yan santimita. Kuma ka sani inda dalma ta ƙare a jikin mai gashi, nan ne take karyewa idan tana motsi, saboda haka a ɗaure wayar yadda jijjiga ba za ta kai wurin ba.

Akwati, sannan gwaji

Ko wace hanya ka bi, haɗin yana shiga akwati mai murfi. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, BS 7671, wadda tsarin Najeriya ya samo asali daga gare ta, ta ce haɗi ya kasance a rufe cikin abin da ya dace, kuma a inda za a iya buɗewa a duba. Ba a haɗi a tsakiyar fayif, ba a shafe shi da siminti. Rigar waje ta kebul ta shiga har cikin akwatin, a danne ta da maƙalin da ke bakinsa, yadda idan an ja wayar daga waje maƙalin ne zai ji, haɗin bai sani ba. Bar rarar waya kamar tsawon tafin hannu a ciki saboda mai gyaran gaba. Nauyin fitila ko fanka kuma ƙugiyarsa ce ke ɗauka, ba a rataya shi a wuyan waya.

Kafin ka mayar da wuta, saka mitar a wurin da take ƙara idan layi ya haɗu. Gwada daga wannan gefen haɗin zuwa wancan, ta yi ƙara. Gwada layif da atin, ta yi shiru. Gwada jikin ƙarfen fankar ko hitar da wayar atin, ta yi ƙara. Rufe akwatin, ɗaga bireka, kunna kayan su yi aiki kamar rabin awa. Sauke birekar kuma, ka tabbatar da mita, ka buɗe ka taɓa jikin kwanektar. Ɗan ɗumi daidai da na wayar ba komai. Idan haɗin ya fi wayar da ke gefensa zafi a fili, kwance shi ka sake. Bayan an gama aiki ma, fitilar da ke ƙyafƙyaftawa, ko ƙarar tsit-tsit a bango, ko wari kamar na kifi a kusa da soket, duk alamun haɗin da ke ƙonewa ne. A sauke bireka a duba a ranar.

Wurare biyu da wannan bayanin bai isa ba

Na farko shi ne inda jan ƙarfe ya haɗu da alminiyam. Wayar da ke saukowa daga falwaya zuwa mita galibi alminiyam ce, kuma akwai wayoyi a kasuwa da cikinsu alminiyam ne aka yi musu fentin jan ƙarfe a sama. Kankare sili ɗaya da wuƙa: idan fari ya bayyana a ciki, ita ce. Ko ka kara mata wutar laita, sillan alminiyam za su lanƙwashe su zube, na jan ƙarfe su yi ja su tsaya. Ƙarafan nan biyu idan suka haɗu da danshi, alminiyam ɗin ne ke ruɓewa ya zama farin gari, haɗin ya saki. Akwai kwanekta ta musamman mai gefen alminiyam da gefen jan ƙarfe, da man da ake shafawa. Duk abin da ya shafi mita da wayar falwaya aikin kamfanin rarraba wuta ne da ƙwararren da ke da lasisi. A Najeriya hukumar NEMSA ce ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Wayar cikin gida mai fentin jan ƙarfe kuwa, cire ta ya fi neman yadda za a haɗa ta.

Na biyu shi ne wayar sumo, injin turo ruwa da ke sauka cikin rijiyar burtsatse. Wannan haɗin a cikin ruwa zai zauna shekara da shekaru, Wago da domino da salatif duk ba su da wuri a can. Ana haɗa kowace waya da ɗan bututun jan ƙarfe da ake matsewa da filayarsa, a rufe kowacce da roba mai tsukewa mai gam a ciki, sannan a rufe dukansu da babbar irinta, ko a zuba musu ƙaron da ke daskarewa a cikin kwabonsa. Kebul ɗin da za a ƙara shi ma mai gashi ne da aka yi don zama cikin ruwa. Singil ta bango tana tsayawa ne a akwatin da ke bakin rijiya, a busasshen wuri, a can ake haɗa ta da kebul ɗin sumon.